Libarba, da Yadda Na Koyi Juya wa Babba Baya

Gurbi biyu ne kacal suka shafe ni a takardar shiga gasar harbin bindiga. Ɗaya na rukunin masu libarba, ɗaya na rukunin masu fistol mai ɗura kanta. Ni da na yi shekara goma sha ɗaya a kwalejin horar da malamai ina tsara wa ɗalibai tambayoyi masu zaɓi huɗu, ina yi musu faɗa cewa dogon tunani a ɗakin jarrabawa shaidar rashin karatu ne, sai ga ni na yi kwana tara da takarda mai zaɓi biyu a aljihun riga, har gumin Kuala Lumpur ya fara cin tawadar.

Sai na fara faɗin abin da ya kai malamin makaranta filin harbi, don ba jarumta ba ce.

Shekara biyu kafin in samu gurbin karatun digiri na uku a Malesiya, muna dawowa daga ɗaurin aure aka buɗe wa motarmu wuta a hanya. Ko ƙwarzane ban samu ba. Na dai yi wajen awa uku kwance a gonar dawa, fuskata a cikin ƙasa. 'Yan'uwa suka zo jaje, aka ce Allah ya kiyaye gaba, na ce amin, na ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Ashe ta biyo ni jirgi. Shekararmu ta farko a unguwar Sentul ta Kuala Lumpur, lokacin sabuwar shekarar Sinawa, na kai matata da 'yarmu mai shekara shida shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, da ke ƙasan benenmu, cin roti, wainar fulawarsu, da rana tsaka. Masu rawar zaki suka tsaya a ƙofar wani kanti suka kunna nokawut, irin dogon nan mai kama da igiyar barkono. Ban san lokacin da na bar kujera ba. Na dai tsinci kaina a ƙarƙashin tebur, da guntun roti a hannu, ina kallon takalman mutane. 'Yata ta leƙo. Hausarta ta tsaya a ina kwana, don haka da Turanci ta tambaye ni me nake nema.

"Cokali," na ce.

Da hannu ake cin roti. Ita ma ta sani.

Daga ranar abin ya zauna. Babur ya yi tari a titi, sai in tsugunna a inda nake. A rufe ƙofa da ƙarfi a ɗakin karatu, sai alƙalami ya faɗi daga hannuna. Wannan gari kuwa ba ya rabo da biki, kuma kowane biki da nokawut ɗinsa. Na je wurin likita, ta saurare ni da kyau, ta koya mini yadda ake jan numfashi. Ya taimaka a ofishinta, inda babu mai harba komai.

Wani dattijo Bamalaye ne ya lura da ni. Tsohon ma'aikacin gyaran jirgin ƙasa ne, maƙwabcinmu, muna tafiya Juma'a tare a masallacin Kampung Baru. Pakcik nake ce masa, wato kawu, shi kuma yana ce mini Cikgu, wato malam. Wata Juma'a muna fitowa tayar wata mota ta fashe, ya ga na dafe bangon masallaci kamar mai neman tubarraki. Sai da muka sayi abinci aka ƙunshe mana sannan ya dube ni.

"Cikgu, ƙarar da ta zo maka ba sallama ita ke kayar da kai. Ka taɓa jin wadda kai ka kira ta da kanka?"

Ashe alƙalin fili ne a wani kulob na masu harbin gasa, can bayan gari. Shiga ba wasa ba ne. A ƙasar nan bindiga ba abin da ake ajiyewa a ƙarƙashin katifa ba ce. Watanni aka yi ana bincike a kaina, Pakcik ya tsaya mini, sannan aka karɓe ni a matsayin ɗan gwaji. Bindigogin na kulob ne, a ma'ajiyarsu suke kwana, ka sa hannu ka karɓa, ka sa hannu ka mayar.

Ranar farko da na ja kunama na yi amai a bayan rumfa. Asabar ta huɗu ban yi ba. Zuwa wata na uku sai na lura hannuna ya daina rawa a ɗakin karatu daga Asabar har wajen Laraba. Alhamis da Juma'a in lallaɓa. Ban san sunan wannan magani a littafin likitoci ba, amma shi kaɗai na ga ya kama ciwon, kuma shago ɗaya ke sayar da shi a duk duniyar da nake iya kaiwa.

Sai gasar wata-wata ta zo, wadda dole ɗan gwaji ya shiga kafin a tabbatar da shi. Ga yadda take: ana jera kwalaye a fili, agogo ya yi ƙara, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana harbi, alƙali na biye da kai a baya. Dokoki suna da yawa, amma uwarsu guda ce. Bakin bindiga ba ya barin gaba. Ko ƙasa za ta tsage, ba ya waiwayar inda mutane suke.

Fistol na ɗauka, kamar kowa. A kwali na biyar ta shaƙe. Kwanson harsashi ya maƙale a bakin ɗakinsa ya tsaya tsaye kamar bututun hayaƙi. Daga baya aka bayyana mini cewa irin wannan bindiga tana son wuyan hannu mai tauri, in ya yi laushi sai ta yi yaji. Na tsaya ina kiciniya da ita. Pakcik, wanda shi ne alƙali a ranar, ya ga yatsana na neman komawa kan kunama, ya ce a hankali, "Cikgu."

A gidanmu, in babba ya kira ka, ba ka amsawa da ƙeya. Juyowa kake yi gaba ɗaya, ka rusuna, ka ce na'am. Mahaifina ya dasa mini wannan tun kafin in san baƙi da fari, kuma ya dasa shi da kyau. Na juyo. Na rusuna. Na ce, "Na'am, Pakcik?"

Bindigar ma ta juyo ta gaishe su.

Ban taɓa ganin mutum goma sha biyar sun kwanta a lokaci ɗaya ba sai a sujada. Wani likitan haƙori Basine ya shige bayan durom. Pakcik bai motsa ba, ya dai riƙe wuyan hannuna ya mai da shi gaba, ya ce in sauke harsashi. An kore ni daga gasar nan take. Da yamma kwamiti ya sanar da ni cikin ladabin nan nasu mai sanyi kamar ƙanƙara: ɗan gwaji yana da kora ɗaya. In aka yi ta biyu, sai dai ya riƙa gaishe su daga bakin ƙofa.

Gasa ta gaba saura mako uku. Takardar kuma dole ta koma ranar Juma'ar mako na biyu.

Na zauna na yi wa matsalar abin da na iya, wato na ja layi a tsakiyar takarda. Fistol tana cin harsashi goma sha biyar a ɗura ɗaya, kunamarta laushi, kuma a yawancin zagaye sau ɗaya ko biyu za ka canja mata gidan harsashi. Amma tana shaƙewa, kuma ba ta aiko da goron gayyata kafin ta shaƙe. Libarba ba ta shaƙewa. Ganga ce mai rami shida tana juyawa, in harsashi ɗaya ya ƙi tashi ka sake ja ta wuce na gaba. Sai dai shida ɗin nan su ne iyakarta. A zagaye mai tsawo sai ka ɗura sau huɗu ko biyar, kuma kowace ɗura sai ka buɗe gangar, ka mai da bindigar hannun hagu, ka ɗaga bakinta ka zubar da kwanso, ka sunkuyar da ita ka zuba sabbi, ka rufe, ka mayar dama. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan motsi ƙofa ce da kora za ta iya shigowa. Ga kunamarta da nauyi kamar guga cike da ruwa, duk rawar da ke hannunka sai ta nuna wa jama'a.

Layin ya cika dama da hagu, bai ce mini komai ba. Haka binciken digirina ma yake yi, don haka ban yi mamaki ba.

Na kai ƙara wurin wani abokina ɗan Fagge da ke karatun injiniya. Muka haɗu a titin 'yan yadi na Jalan Tuanku Abdul Rahman, matarsa ta aike shi neman yadin mayafi, yana yawo da hoton kalar a waya kamar mai cigiyar ɓataccen yaro.

"Libarba?" ya ce. "Dakta, ai wannan bindigar 'yan sandan En'e ce. Su waye ma a rukunin?"

"Tsofaffi uku."

"To ka zama na huɗu, ka ga ka shiga huɗun farko. Wallahi in ka koma gida ka ce ka zo na huɗu a Malesiya, har walima za a yi."

"Ba wasa nake ba, mutumina. In suka kore ni ban san inda zan sa kaina ba."

Ya dube ni, ya ga da gaske ne, ya mai da wayar aljihu. "To ka bar abin mana gaba ɗaya. Ka yi ta addu'a. Mutum da iyalinsa, da karatunsa, me ya haɗa shi da bindiga?"

Na ce masa addu'a ina yi, ita ce ma nake zaton ta haɗa ni da Pakcik. Ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri, ya shiga kanti na bakwai.

Tun ranar korar ba a bar ni na taɓa bindiga ba sai na mayar da takardar, don haka Asabar guda ta wuce ba magani. Rawar hannun ta dawo da kayanta. Na zubar da shayi a kan babi na uku na bincikena, wanda dama malamin da ke duba ni ya ce ruwa ya yi masa yawa. Wata safiya a jirgin ƙasa na cikin gari wani yaro ya fasa leda, na sauka a tashar da ba tawa ba na zauna a benci har jirgi uku suka wuce. 'Yata ta daina roƙona in kai ta shagon mamak. Wannan ya fi komai ci mini rai, don ba hana ta aka yi ba, ita ta yanke.

Matata ce ta gaji da ganin takardar a kan teburin cin abinci.

"Malam, kana ta auna bindiga da bindiga. Bindiga ce ta juya, ko kai?"

"Ai don ta shaƙe ne."

"Don an kira ka ne. Ni da nake kiran ka daga kicin sau uku ba ka ko ɗaga kai, amma tsoho ya yi gyaran murya ka ba shi fuska har da bindiga."

"Tarbiyya ce, Hajiya."

"To tarbiyyar nan za ta kashe likitan haƙori."

Ta ɗauko ludayi ta damƙa mini, ta tsayar da ni a falo ina fuskantar bango. A ƙasar nan ko bindigar roba ba a wasa da ita, don haka ludayin miya ne ya zama makamina. Ta koma bayana da wayata. Mahaifina yana da ɗabi'ar aiko da saƙon murya, kuma kowanne da kiran sunana yake farawa, da muryar nan da ke sa in miƙe tsaye ko a waya ne. Ta ce in saita ludayi a kan agogon bango, kome na ji kada in juyo. Ta danna.

Na juyo. Har na rusuna wa firji.

Ta sake. Na juyo. Sau goma sha ɗaya a ranar farko, ba kuskure ko ɗaya, abin da a matsayina na malami dole in yaba. 'Yata na zaune a kujera tana ƙirgawa da Malayanci. A kwana na uku na samu na tsayar da ƙafafuna amma wuyana ya tafi. A na biyar na tsaya cak, sai dai hawaye ya zubo mini, don ji na yi kamar na zagi tsohon a tsakar kasuwa. Mutum mai shekara arba'in da ɗaya, riƙe da ludayi, yana kuka don bai waiwayi waya ba.

"Amsa masa mana," in ji matata. "Wa ya hana ka amsawa? Bakinka ai ba ya harbi."

Sai na fara amsa wa bango. Na'am, Baba. Na ji, Baba. Allah ya ƙara girma. Idona a kan agogo, ludayi a gaba.

Ranar Alhamis na sami Pakcik yana ba tsuntsayensa abinci a baranda. Na tambaye shi kai tsaye wacce zan ɗauka. Ya ce shi alƙali ne, ba ya zaɓar wa mutum mata ko bindiga.

"Amma faɗa mini, Cikgu. Wahala biyar da ka san lokacin zuwansu, da wahala ɗaya da ba ka sani ba, wacce ke kai ka ƙarƙashin tebur?"

Ban taɓa ba shi labarin teburin ba. Ashe duk benen an sani.

Na cike gurbin libarba a kan gwiwata, a nan barandar. Ya karɓa ya duba.

"Za ka zo na ƙarshe lah," in ji shi, da lah ɗin nan da mutanensu ke liƙa wa ƙarshen magana.

"Zan zo dai?"

"Boleh," ya ce. Mai yiwuwa ne, ke nan.

An ba ni Asabar ɗaya in saba da ita. Na ƙirga shida, na buɗe, hagu, sama, ƙasa, rufe, dama. Na yi ta yi har babban yatsana ya yi ƙulli. Hannun hagun ma sai da na yi fama da shi, don duk lokacin da na miƙa masa bindigar sai in ji kamar ina ba baƙo abinci da hagu.

Ranar gasa Pakcik ya janye daga alƙalanci, tunda shi ya tsaya mini kuma wannan karon makomata za a yanke. Wata matashiya aka sa, mai gajeren mayafi da muryar da ba ta neman shawarar kowa. Likitan haƙori ya gaishe ni da fara'a, sannan ya je ya tsaya kusa da durom ɗinsa.

Zagaye uku na farko na yi su kamar mai tsallaka kwata da farar shadda. Bakin bindigar na rawa a gaban kowa, kunamar na ja da ni, amma ina ƙirgawa. Ban ji ƙarar ba sosai. Lissafin shida ya cinye wurin da tsoro ya saba zama. Tsofaffin nan uku suna gamawa su zauna su sha ruwa, ni ina nan ina ɗura ta uku.

Zagaye na ƙarshe shi ne mai tsawo. A ɗura ta huɗu, bindiga na hannun hagu, ganga a buɗe, na zaro harsasai shidan da ke haɗe a zobensu daga ɗamara. Gumi ya sa suka suɓuce. Na ji sun bugi takalmina sun gangara baya.

"Cikgu!"

Muryar Pakcik ce, daga cikin 'yan kallo, da ƙarfi, irin kiran da babba ke yi wa yaron da zai taka wuta.

Ba zan yi ƙarya ba, na tafi. Kafaɗata ta dama ta fara, gwiwata ta soma lanƙwashewa. Abin da ya rage tsakanina da bakin ƙofa bai fi faɗin tafin hannu ba. Sai bakina ya riga wuyana. Na dubi kwalin da ke gabana, mai ramuka biyu a gefe, na ce masa da Hausa, da murya har rumfa:

"Na'am, Baba! Na ji! Allah ya ƙara girma!"

Kwalin bai amsa ba. Na bar na ƙasa a ƙasa, na zaro wani zoben, na zuba, na rufe, na mayar dama. Harbi shida. Matashiyar ta ce in sauke in nuna babu komai. Na nuna. Ta ce in mayar kube. Na mayar. Ta ce fili ya zama lafiya, sannan ta juya ta wanke Pakcik tas a gaban jama'a kan yin magana ana harbi, shi da ya koya mata aikin. Yana tsaye yana cewa, "Baki ne ya kuɓuce lah."

Sai a lokacin na juyo. Na je gabansa na rusuna na ba shi haƙuri don na amsa masa da ƙeya. Ya dube ni kamar na zo da sabon ciwo.

Na huɗu na zo a cikin huɗu, da tazarar da ko a tseren jaki abin kunya ce. Aka buga wa katina hatimi. Na riƙe shi a jirgi har Sentul da hannu biyu, kuma hannuwan suna rawa, amma irin rawar da gajiya ke kawowa.

Ban warke ba. Har yanzu Alhamis da Juma'a lallaɓawa nake yi. Amma bayan wata biyu aka buɗe sabon kantin waya a layinmu, aka rataye igiyar barkonon nan a ƙofa da hantsi, muna zaune a shagon mamak, don 'yata ta sake fara roƙo. Na ga mai ashana ya sunkuya. Na dafa tebur da hannu biyu. Da ta fara tashi na ƙirga shida, na sake shida, na sake. Shayi ya zube a wandona. Sau tara na ɗura kafin a gama.

Da hayaƙin ya lafa na ga 'yata ta tura mini wani abu a kan tebur tun ban lura ba. Cokali ne. Ta karɓo shi daga wurin mai shagon tun da ta ga ana rataye igiyar, don kada in sha wahalar nema.

Na ce mata ta mayar, yau da hannu zan ci.